Kwali da Mudu

A ƙasarmu ta Dambam, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Azare zuwa Fataskum, akwai tambayoyi biyu da ke jiran duk wanda ya dawo gida da kwalin digiri. Ta farko ita ce, "An gama lafiya?" Wannan mai sauƙin amsawa ce, domin barka ce aka sa mata rigar tambaya. Ta biyu kuwa ba ta zuwa sai bayan wata biyu ko uku, kuma a hankali ake yin ta, bayan an gama gaisawa: "To, har yanzu shiru?" Mai tambayar ba cin fuska yake nufi ba. Abin da ya tashi ya tarar ke nan, cewa ƙarshen boko ofis ne, ƙarshen ofis albashi, albashi kuwa rumbu ne na dangi baki ɗaya.

Wannan tunani yana da asali. A 1973, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin hidimar ƙasa, masu digiri a Arewa ba su da yawa, aiki ne ke neman su. Al'amura sun fara juyawa ne tun daga shekarun 1980, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, har aka kafa hukuma ta musamman don samar da aikin yi. Daga baya aka yi ta fito da shirye-shirye, irin su YouWin a 2011 da N-Power a 2016. A ɗaya ɓangaren kuma makarantu sai ƙaruwa suke yi. A yankinmu kaɗai akwai kwalejin ilimi ta Azare, ga jami'ar jiha da aka kafa a Gadau a 2011, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da aka ba Azare a 2021. Kowace shekara ƙasar Guddiri na karɓar 'ya'yanta da kwalaye, alhali kujerun ofis ba sa haihuwa. Iyaye dai suna nan riƙe da lissafin jiya, 'ya'ya kuwa sun faɗo cikin kasuwar yau.

Mu uku ne muka dawo gida a ƙarshen 2022, bayan mun sauke nauyin hidimar ƙasa. Ɗayanmu Hausa ya karanta, ɗaya tattalin arziki, ɗaya kuma aikin gona. Tun muna can muka yi shawara ta waya cewa ba za mu zauna a dakalin ƙofar gida muna ƙirga motocin Maiduguri ba. Alawus ɗinmu a lokacin naira 33,000 ne a wata, kuma kowannenmu ya ɗan matse wani abu daga ciki. Da muka haɗa, sai muka ga bai kai ya kawo ba. Mahaifiyar ɗayanmu ta sa aka kai tumakinta uku kasuwa, yayar wani kuma ta ba mu kwasar adashinta na shekara. Ta haka jarinmu ya tashi, kuma mai karatu zai gane cewa irin wannan kuɗi nauyinsa ya fi na banki. Banki yana karɓar jingina ya rufe fayil, amma tunkiyar uwa, in ta salwanta, da ita za a riƙa haɗa ido kullum safe.

Da yawa daga cikin sa'o'inmu sun kama harkar POS, wasu cajin waya, wasu shagon buga takardu. Duk sana'o'i ne masu kyau, sai dai a ƙaramin gari kan ka ce kwabo sun yi wa masu saye yawa. Mu sai muka dubi abin da ƙasar take bayarwa: gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Muka kuma dubi titin da ya ratsa mu, wanda ya haɗa Kano da Maiduguri. Harkar hatsi a fili take ga mai kallo daga nesa. Da kaka ana bin kasuwannin ƙauye, ta wajen Dagauda da Jalam da sauransu, ana sayen amfanin gona mudu-mudu daga hannun manoma, a tara a cika buhu. Daga nan ko dai a sayar wa masu lodi zuwa Dawanau ta Kano da kudancin ƙasa, ko kuma a adana zuwa bazara. A takarda lissafin ya fita tsaf, har masanin tattalin arzikinmu ya zana mana jadawali.

Abin da jadawalin bai nuna ba shi ne kunya, kuma ita ce muke son mu yi magana a kanta, domin mun lura ta fi rashin jari kashe sana'ar ɗan makaranta. Kunyar nan iri biyu ce.

Ta farko ita ce kunyar a gan ka. A birni mutum na iya tura baro ba wanda ya san ɗan wane ne. A Dambam kuwa, kafin ka kwance bakin buhu labari ya isa gidanku. Ranar da aka fara ganin mu tsugune gaban tarin wake, fuska duk ƙura, wani ya ce da abokinsa, da ƙarfi don mu ji, "Ashe boko ma a awo yake ƙarewa." Ba kanmu maganar ta fi ci ba. Iyayenmu ne suka sayar da amfanin gona shekara huɗu suna biyan kuɗin makaranta, kuma su ne ake yi wa jaje a fakaice a wajen ɗaurin aure. Mahaifin ɗayanmu ya kwana biyu bai ce komai ba. A rana ta uku ya kira mu zaure ya ce, "Tunda abin da kuka zaɓa ke nan, ba za ku shiga kasuwa kamar marasa gata ba. Gobe ku shirya, zan kai ku wajen wanda ya san ta."

Wanda ya kai mu gare shi dattijo ne da ya haura shekara arba'in yana awo, bai taɓa zama a aji ba sai makarantar allo. Ya saurare mu har muka gama, ya dubi jadawalinmu kamar mai duba hoton wani gari, sannan ya ce, "Malamai, kuɗin nan ku mayar ku ajiye. Ku bi ni kasuwa wata uku tukuna, ku ɗauki buhu, ku riƙe mini mudu. In bayan nan kuna so, sai mu yi magana." Muka ce, "To, Baba." Haka muka koma 'yan aji ɗaya da kwalayenmu a akwati.

A wata ukun nan muka ga abin da ba a rubuta ba. Ana sa ƙwayar gero a haƙori don a ji ko ta bushe, domin hatsin da ke da sauran danshi yana rage nauyi kuma yana ruɓewa a sito. Ana zura hannu har gwiwar hannu cikin buhu, saboda kyakkyawan kaya a sama ake ɗora shi. Ana watsa riɗi a tafin hannu a hura, a ga yawan yashin da ya rage. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kuma yadda mai awo ke tula shi ya yi tozo na iya cinye ribar buhu guda. Muka san la'adar dillali, da kuɗin dako, da kuɗin ɗinki, da abin da ake biya a ƙofar kasuwa, ƙananan abubuwan da ba sa cikin jadawali amma su ne ke raba riba da faɗuwa. Mafi girma duka, muka ga ana ba Baba kayan miliyoyi a kan kalmar bakinsa kawai, alhali mu da muke da tsabar kuɗi ba wanda zai ɗaga mana ƙafa ta kwana ɗaya. Shekara arba'in ya yi yana tara wannan jari, kuma da ya fara cewa, "Yarana ne," sai ya zama ya ranta mana wani abu daga ciki.

Wannan makaranta ta ubangida da yaronsa tsohuwa ce a ƙasar Hausa. A cikinta fatake suka yi ta koyon hanyar Gwanja, kuma daga cikinta Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, ya rasu a 1955. Ɗalibai na yawan kawo misalin Aliko Ɗangote, cewa ya fara kasuwanci a 1977 yana saurayi sabon gama karatu. Gaskiya ne, amma a tuna cewa shi tattaɓa-kunnen Ɗantata ne ta wajen uwa, a gidan ciniki ya buɗe ido, kuma daga gida ya ranci jarinsa na farko. Wanda bai gaji irin wannan gida ba, dole ya nemi zauren da zai tsuguna a ciki.

Sai dai kada a ɗauka hannu sake muka je. Ba mu daɗe da kama bin Baba ba aka shiga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sakamakon sauya fasalin naira. Kasuwa ta tsaya cik. Masu lodi na da kuɗi a banki ba su da su a hannu, manomi kuwa ya ce shi bai san taransifa ba. A nan wayoyinmu suka yi rana. Mu ne muka riƙa duba saƙon banki, muna raka manomi wajen ɗansa ko maƙwabcinsa mai asusu, muna tsayawa har kuɗi su shiga. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun wannan shekara, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, sai muka zauna muka fitar wa Baba abin da kowane buhu ke ci daga ƙauye zuwa sito, ya ga akwai kasuwar da ya saba zuwa wadda yanzu wahala ce kawai. Shi kuma abokinmu na aikin gona ya kawo maganar buhun nan mai rufi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowanne tamau, ƙwarin wake na shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba fiya-fiya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawan maganin ƙwari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma shi muke ci a gidajenmu. Da aka kwance buhun gwaji bayan wata biyar, wake fes kamar ranar da aka casa, Baba ya yi murmushi ya ce, "Ashe dai ba a banza aka biya kuɗin makarantar ba."

Kunya ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ita ba ta zuwa da dariya, da sallama take zuwa. Ita ce kunyar hana bashi. Da zarar an ji ka buɗe sito, ka zama mai shi a idon dangi. Idan bazara ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, sai kawu ya zo, baffa ya aiko, abokin mahaifi ya biyo dare: "A ba ni buhu ɗaya zuwa kaka." Ba ƙarya suke yi ba, yunwar gaskiya ce, kuma a gabansu ka girma. In ka hana, an ce boko ya cire maka zumunci. In ka bayar yadda aka saba, ba rana ba shaida, to ka yi sallama da shi, domin wane yaro ne zai je ƙofar kawunsa bin bashi? Mun ƙirga shagunan samari da suka rufe a garinmu, muka tarar akasarinsu ba wuta ce ta ci su ba, ba ɓarawo ba. A cikin gidajen 'yan'uwa jarinsu ya narke, mudu-mudu.

Abin da muka yanke tun kafin mu sayi buhun farko shi ne mu raba kyauta da ciniki. Muka ware wani kaso daga kowane lodi, muka sa masa suna buhun gida. Daga cikinsa ake auna wa mabuƙaci, a ce masa, "Wannan ba bashi ba ne, Allah ya sa albarka." In ya ƙare, ya ƙare. Duk abin da ya wuce wannan kuwa sai an rubuta shi a littafi, da suna, da adadi, da ranar biya, da shaidu biyu. Ranar da muka fara buɗe wa kawun ɗayanmu littafin, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ni za ku rubuta? Ni da na yi maka yankan suna?" Ɗan nasa ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba kai aka rubuta ba, tumakin Inna aka rubuta. Kuɗin ba namu ba ne." Baba, wanda ke gefe yana jan carbi, ya tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka ba 'yan boko suka zo da wannan salo ba. Kawu ya dangwala hannu yana ƙunƙuni. Da kaka ta yi, shi ne na farko da ya biya.

Abin mamaki, littafin nan da aka fara tsana shi ne ya zama tallarmu. Manoma suka fara kawo mana ajiyar buhuna, domin sun san za a ba su 'yar takarda. Matan da ke matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli a cikin gida, cikinsu har da ƙannenmu masu kwalin NCE da ke tallar kayansu a WhatsApp, suka riƙa aiko yara sayen gyaɗa a wajenmu saboda mudunmu ɗaya ne ga kowa. Muka yi rajistar sunan sana'ar a hukumar rajistar kamfanoni, muka buɗe mata asusu nata na kanta, don kada kuɗin cefane ya haɗu da uwar kuɗi. Shi kuwa mai digirin Hausa, wanda aka fi yi wa dariya, shi ya zama bakinmu. A kasuwannin nan Bakarkare da Bafillace da Babarbare duk da Hausa suke ciniki, kuma wanda ya san nauyin "albarka" da "sallama", ya san inda ake sa raha da inda ake yin shiru, ya san lokacin da "sai na yi shawara" ke nufin a'a, ya riga ya yi rabin ciniki.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu cewa hanyar tana da ramuka ba. A 2024 farashin abinci ya hau inda ba a taɓa gani ba, har aka riƙa kallon duk mai sito a matsayin maƙiyin talaka, kuma a watan Fabrairun shekarar hukumomin Kano suka rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Mu ma mun tambayi kanmu ina iyakar adanawa take, ina ɓoyewa ta fara. Amsar da muka tsaya a kai ita ce, duk abin da muka adana za mu fitar da shi a kasuwar gida da zarar bazara ta kama, a kan farashin ranar, ba za mu riƙe shi muna jiran kukan mutane ya ƙaru ba. Ganin ribar wannan shekara ya sa mutane da yawa, har da ma'aikata, suka ci bashi suka cika sito da kakar da ta biyo. A tsakanin nan gwamnatin tarayya ta riga ta sanar, a watan Yulin 2024, da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. A 2025 sai farashin hatsi ya faɗo, bazara ta zo buhu bai kai kuɗin da aka saye shi da kaka ba. Talaka ya numfasa, mu kuwa muka ji a jikinmu. Abin da ya tsirar da mu ƙa'idar Baba ce ta raba jari uku: kaso ɗaya na juyawa kasuwa-kasuwa, ɗaya na ajiya, ɗaya kuma ya kwanta a hannu. Kason ajiya ya faɗi, sauran biyun suka riƙe shi. Shekarar ta wuce ba mu ga riba ba, amma ba mu rufe ƙofa ba, kuma tun kafin nan mun riga mun mayar da adashin Yaya, mun ɗaure wa Inna tumaki huɗu a turke.

Saboda haka ba ma cikin masu hawa mumbari su ce da matasa, "Ku je ku kama sana'a," kamar dai sana'a a bakin titi ake tsintar ta. Akwai abokan karatunmu da suka fi mu ƙwazo, amma ba su da uwa mai tumaki, ba su da uban da zai kama hannunsu zuwa zauren wani dattijo. Ƙasa ba za ta sauke nauyin samar da aiki ta hanyar yi wa 'ya'yanta wa'azin dogaro da kai ba, kuma har gobe muna buƙatar malamai a azuzuwa da ma'aikata a asibitoci. Abin da muke cewa kawai shi ne, wanda ya ga ƙofar kasuwa a buɗe gare shi, kada kunya ta rufe masa ita.

Ga ƙannenmu da ke kan karatu yanzu, shawararmu gajeruwa ce. Kada ku jira ranar karɓar kwali kafin ku nemi ubangida. Hutun ƙarshen zango ya isa mutum ya zauna a shagon wani, ya share, ya ɗauka, ya saurara. In kun tafi hidimar ƙasa, ku tuna cewa alawus ɗin, wanda ya koma naira 77,000 a 2025, shi ne kuɗin ƙarshe da zai riƙa zuwa muku kowane wata ba tare da kun yi ciniki da kowa ba. Ku dubi abin da ƙasarku ke fitarwa kafin ku kwaikwayi abin da ake yayi. Ranar da kuka buɗe ƙofa, ku sayi littafi kafin ku sayi kujera, kuma sunan farko da za ku rubuta a ciki ya zama na wanda ya ba ku jari, da ranar da za ku mayar masa. Allah ya sa albarka a karatu da nema, ya ba iyayenmu tsawon ran da za su ci amfaninmu.